Kuɗin Ciniki Ya Maƙale Ko Ya Koma: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Kasuwa Kan Tiransfa da Biyan Kati

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin ₦200, ₦500 da ₦1,000, ciniki ya koma waya da kati. Daga mai shayi har dillalin hatsi a Dawanau, kowa ya liƙa lambar asusu a bango. Sai dai kuɗin da ke bin waya yana iya maƙalewa a hanya, yana iya komawa inda ya fito, wanda ya shigo ma ana iya janye shi bayan makonni. Ga tambayoyin da masu shago da masu POS a Najeriya suka fi yi.

Mai saye ya nuna mini rasit a wayarsa cewa ya tura, amma ban ga komai ba. In ba shi kayan?

A'a. Rasit ɗin da ke wayarsa shaida ce cewa bankinsa ya karɓi umarnin turawa, ba shaidar cewa kuɗi ya sauka wurinka ba. Wannan ma idan na gaskiya ne, don akwai manhajojin da ke ƙirƙiro rasit da tambarin banki da sunanka da komai. Saƙon alat na tes shi ma ana ƙirƙirarsa, har ya shiga cikin jerin tsofaffin saƙonnin bankinka.

Abin dogaro ɗaya ne: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga jimillar kuɗinka ta ƙaru da adadin cinikin. Ka duba sunan wanda ya turo da lokacin. Yaran shago su ma a koya musu wannan, domin masu alat na bogi sun fi zuwa lokacin da maigida ya tafi masallaci ko kasuwa ta cika.

Idan mai sayen na gaggawa, ka rubuta sunansa da lambar wayarsa, ka ware kayan gefe, ya dawo ya ɗauka idan kuɗi ya faɗo. Mai gaskiya zai ji haushin jira, amma ba zai ƙi wannan ba.

Me ke sa tiransfa ta koma wa wanda ya tura?

Yawancin tiransfa tsakanin bankunan Najeriya tana bi ta tsarin NIP ne, wanda kamfanin NIBSS ke gudanarwa. Bankin mai turawa ya cire kuɗi, ya aika saƙo, bankinka ya amsa cewa ya saka. Idan amsar ba ta zo a kan lokaci ba, ko ta zo da ƙin karɓa, sai a mayar wa mai shi.

Dalilin da ya fi yawa shi ne katsewar sadarwa a ɗaya daga cikin bankunan biyu, kuma wannan ba laifin kowa ba ne a shago. Amma akwai wanda daga ɓangarenka yake, kuma mutane ba su cika lura da shi ba: iyakar asusu. Asusun mataki na ɗaya, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti biyar, ba ya riƙe sama da ₦300,000. Na mataki na biyu iyakarsa ₦500,000. Idan kana da ₦280,000 a asusun mataki na ɗaya aka turo maka ₦60,000, ko dai kuɗin ya koma, ko ya shigo a hana ka taɓa shi sai ka kai takardu. Tun ƙarshen 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa asusu da BVN ko NIN, matakai na biyu da na uku kuwa duka biyun. Duk mai ciniki na yau da kullum ya kamata ya ɗaga asusunsa zuwa mataki na uku, ko ya buɗe na kasuwanci da sunan shago.

Rufaffen asusu da wanda aka sa wa takunkumin hana shigar kuɗi su ma suna mayar da tiransfa.

Tsawon wane lokaci ya kamata a jira?

Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tiransfa ta nan take ta ce bankin da aka turo wa kuɗi kada ya wuce minti 4 bai saka shi a asusun mai shi ba, tiransfar da ta faɗi kuma a mayar wa mai turawa cikin awa 24. Bankin da ya saɓa akwai tarar ₦10,000 a kan kowace guda. A aikace ana wuce waɗannan lokuta, musamman ƙarshen wata da jajiberin salla, amma sanin ƙa'idar yana ba ka bakin magana a gaban ma'aikacin banki.

An cire wa mai saye kuɗi, ni ban samu ba, shi ma bai koma masa ba. Wa zai bi sawu?

Mai turawa ne zai fara, a bankinsa. Abin da zai nema shi ne lambar Session ID, mai lambobi 30, wadda kowace tiransfa ta NIP ke ɗauke da ita. Wasu manhajoji na nuna ta a ƙasan rasit, wasu sai an tambayi banki. Idan mai turawa ya ba ka ita, ka kai wa bankinka tare da ranar, adadin da sunan bankin da ya turo. Da wannan lambar ake gane ko kuɗin ya iso bankinka an kasa saka shi, ko bai baro can ba. Zuwa banki da hoton rasit kaɗai yakan ƙare ne da "je ka dawo".

POS ta ƙi karɓar kati, amma alat ya shigo wa mai saye an cire masa kuɗi. Yana tsaye yana neman kaya ko kuɗinsa.

Wannan ita ce rigimar da ta fi kowace tayar da jijiyar wuya, kuma a nan ake yin asara mafi yawa saboda kunya.

Ga abin da ya faru a ciki. Na'urar ta aika saƙo ta kamfanin da ke kula da ita, zuwa mahaɗar bankuna, zuwa bankin mai kati. Bankin ya cire kuɗin, ya aiko da amincewa, amma amsar ta ɓace a hanya ko ta makara. Na'urar ta gaji da jira, ta buga rasit ɗin ƙin karɓa, sannan ta aika saƙon sokewa. Kuɗin yana hannun bankin mai kati, ba ya wurinka. Wani lokaci yakan koma kafin mutumin ya bar shagon, wani lokaci sai ya kai ƙorafi.

A ce a Kantin Kwari ne, hajiya ta zaɓi atamfa turmi biyar na ₦85,000, ta sa kati, rasit ya fito an rubuta Declined, wato an ƙi karɓa, wayarta kuma ta yi ƙara. Abin yi shi ne ka buɗe tarihin cinikin na'urar a gabanta, ta ga da idonta cewa bai shiga ba. Ka sake bugo rasit ɗin ka ba ta kwafi, kai ma ka riƙe ɗaya. Ka ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, kuɗin yana bankinki. Idan bai dawo zuwa gobe ba, ki kai musu wannan takardar." Ka karɓi lambarta. Idan tana son kayan yanzu, sai ta biya ta wata hanya. Kada a sake sa katin nan take sau biyu sau uku, domin idan matsalar daga bankinta take, za a yi ta cire mata ne kawai.

Tun 8 ga Yuni 2020, Babban Banki ya sa awa 72 a matsayin wa'adin warware irin wannan matsala ta POS da ta biya a intanet. A da kwana biyar ne.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ciro tsabar kuɗi daga aljihu ka ba ta don a rabu lafiya. Bankinta zai mayar mata da nata, kai kuma ba ka da inda za ka nemo naka.

Akwai ɗaya fuskar, kuma amana ta sa a faɗe ta. Wani lokaci na'ura takan ce ta ƙi, amma washegari kuɗin ya bayyana a cikin abin da aka zuba maka. Shi ya sa ake kwatanta rasit ɗin rana da abin da ya shigo asusu kowane dare ko kowace safiya. Idan ka ga rarar da ba ka ba da kaya a kanta ba, haƙƙin wani ne. Ka sanar da bankinka ko kamfanin na'urar, kuma idan ƙorafin mai katin ya iso, ka amince da shi.

Waɗanne lambobi ne masu amfani a jikin rasit?

RRN mai lambobi 12 ita ce ake bin sawun ciniki da ita. Sai STAN, wata lambar cinikin mai lambobi 6, da lambar na'ura, da lambobi huɗu na ƙarshen kati, da lokaci. Akwai kuma lambar amsa mai guda biyu. 00 na nufin an amince. 51 kuɗi bai isa ba. 55 an yi kuskuren PIN. 54 katin ya ƙare aiki. 61 an wuce iyakar cirewa. 91 bankin mai kati ko mahaɗar ba sa amsawa, kuma a kan irin wannan aka fi samun cirewa ba tare da ciniki ya shiga ba.

Ciniki ya shiga lafiya, na ba da kaya, bayan wata guda an janye kuɗin daga asusuna. Ta yaya haka ke yiwuwa?

Biyan kati ba kamar tiransfa ba ne. Dokokin kamfanonin kati sun ba mai kati damar ƙalubalantar biya ta hannun bankinsa. A saƙonnin banki za ka ga an kira abin chargeback. Mai kati ya kai ƙorafi bankinsa, bankin ya shigar da shi ta tsarin kamfanin katin, ko Verve ne ko Visa ko Mastercard ko AfriGO, ya iso bankin da ya ba ka na'ura, daga nan a sanar da kai. A Visa da Mastercard, galibin ƙorafe-ƙorafe ana iya shigar da su har kwana 120 bayan ciniki.

Dalilan da ake kafawa kashi huɗu ne: mai kati ya ce ba shi ya yi ba; ko ba a sami amincewar banki yadda ya kamata ba; ko an yi kuskure wajen caji, kamar cirewa sau biyu ko sa adadin da ba shi ba; ko kuma ya ce bai sami kaya ba, ko ba irin wanda aka yi alkawari ba ne, ko ya mayar da kaya ba a ba shi kuɗinsa ba.

Idan sanarwa ta zo, zaɓi biyu gare ka: ka amince a cire, ko ka ƙi ka kawo hujja. Wa'adin da ake ba ɗan kasuwa gajere ne ƙwarai, sau da yawa bai wuce yini ɗaya ko biyu ba, kuma shiru ana ɗaukarsa amincewa ne. Da yawa daga waɗanda ke kukan an zare musu kuɗi ba sanarwa, sanarwar ta zo, amma ta imel ɗin da suka buɗe ranar karɓar na'ura ba su sake leƙawa ba, ko ta wani sashe na manhaja da ba su taɓa shiga ba. Ka tambayi kamfaninka yau ta ina yake aiko da irin wannan saƙo, da kuma awa nawa yake bayarwa.

Wace hujja ce ake karɓa?

Wadda ta amsa ainihin abin da aka yi ƙorafi a kai. Idan mai kati ya ce an cire masa kuɗi ciniki bai shiga ba, rasit mai 00 da RRN ɗin da ta yi daidai shi ne amsa. Idan ya ce an cire sau biyu, kai kuma ka san ciniki biyu aka yi, sai ka kawo rasit biyu da takardar kaya biyu masu lokaci daban. Idan ya ce kaya bai iso ba, rasit ɗin POS ba zai taimake ka ba. Abin da ake so shi ne takardar tasha ko ta kamfanin kai kaya mai sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa, da saƙonnin WhatsApp inda ya ba da adireshi ko ya ce kaya ya iso.

Takardar POS ba tawada ke jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun. A cikin durowar shago mai rufin kwano, cikin 'yan makonni sai ka ɗauko ta ka tarar ta koma fara fat, in kuma rana ta buge ta ta yi baƙi. Tunda ƙorafi na iya zuwa bayan wata huɗu, a ɗauki hoton kowane rasit na babban ciniki ranar da aka yi shi, a ajiye aƙalla wata shida.

Masu POS na cire kuɗi su tanadi littafi: rana, lokaci, adadi, suna, lambar waya, lambobi huɗu na ƙarshen kati, sa hannu. A kan kuɗi mai yawa a nemi katin shaida a ga sunan ya yi daidai da na jikin katin banki. Kada a rubuta cikakkiyar lambar katin mutum, kada a ɗauki hoton katinsa, kada kuma a karɓi PIN a danna masa ko da shi ya roƙa. Mai kyamara a shago ya sani cewa na'urar ajiyar takan goge tsohon hoto ta ɗora sabo, don haka da an ji ƙishin-ƙishin ɗin rigima a kwafe na ranar.

Ai da hannunsa ya sa PIN. Yaya zai ce ba shi ba ne?

Cinikin da aka yi da kati a cikin na'ura tare da PIN yana da wuyar musantawa, kuma galibi ɗan kasuwa ke yin nasara idan ya amsa a kan lokaci. Inda haɗarin yake shi ne biya ta intanet, inda ba kati a gabanka. Nan idan kamfanin karɓar kuɗinka bai nemi lambar sirri ta wucin gadi da banki ke aika wa mai kati ba, asarar katin sata takan faɗo kanka ne. Katunan ƙasashen waje sun fi kawo wannan matsala. Sabon mai saye da ya yi odar kaya masu tsada, ya gwada kati biyu ko uku kafin ɗaya ya shiga, yana kuma matsa lamba a aika yau, a dakata a kira shi tukuna.

Banki ya riƙe kuɗina, wai an kai ƙara cewa kuɗin damfara ya shigo mini. Ni kuwa kaya na sayar.

Wannan ya fi janye kuɗin kati ciwo, domin wani lokaci asusun gaba ɗaya ake hana cirewa daga ciki. Yadda abin yakan kasance shi ne mutum uku ne a cinikin ba ka sani ba. Ɗan damfara ya yaudari wani a wani gari, ya ba shi lambar asusunka ya tura. Shi kuma ya zo shagonka ya ce ɗan'uwansa ne ya biya, ya ɗauki waya ko buhunan shinkafa, ko ya karɓi tsabar kuɗi idan mai POS ne. Wanda aka cuta ya kai ƙara bankinsa, sawun kuɗi kuma a wurinka ya tsaya.

Rigakafin yana wurin duba suna. Idan sunan da ya turo ba na wanda ke gabanka ba ne, ka tambaya, ka sa a kira mai asusun a gabanka, ka rubuta bayanan mai karɓar kaya tare da katin shaidarsa. Ga masu POS, karɓar tiransfa daga baƙon suna a miƙa wa wani tsabar kuɗi shi ne mafi haɗarin aikin da suke yi.

Idan ya riga ya faru, ka je reshen banki da kanka. Ka nemi a gaya maka wace shigowar kuɗi ce ake magana a kai, nawa ce, kuma daga ina umarnin riƙewar ya fito: wani banki ne, 'yan sanda ne, EFCC ce ko kotu. Ka rubuta bayani, ka haɗa da takardar kaya da littafin shago da hoton kyamara, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Ka roƙi a taƙaita riƙewar a kan adadin da ake jayayya kawai. Idan umarnin kotu ne, sai da lauya, domin kotun ce kaɗai za ta ɗage shi.

Wani ya kira ya ce ya turo mini kuɗi bisa kuskure, in mayar masa.

Ka fara tabbatar da cewa kuɗin ya shigo da gaske. Idan ya shigo, ba naka ba ne, kuma cin sa zalunci ne da zai iya kai ka kotu. Amma hanyar mayarwa tana da muhimmanci. Ka ce ya kai ƙorafi bankinsa, bankinsa ya tuntuɓi naka, kai kuma ka ba da amincewa a rubuce a mayar. Ƙa'idar 2018 ta tanadi haka: a riƙe adadin a asusun wanda ya karɓa, a nemi yardarsa, in ya ƙi masu binciken bankunan biyu su shiga tsakani.

Kada ka taɓa turawa zuwa wani asusu daban da wanda kuɗin ya fito. Mai cewa "na tura ₦500,000 maimakon ₦50,000, ka sa mini ragowar a wannan asusun" yana iya kasancewa yana wanke kuɗin sata ne ta hannunka. Idan ainihin mai kuɗin ya taso, ₦500,000 ɗin gaba ɗaya za a nema a wurinka.

Mai saye ya dawo da kaya na yarda zan ba shi kuɗinsa. Ta ina?

Ta hanyar da ya biya. Na kati a mayar kan katin ta bankinka ko manhajar kamfanin. Na tiransfa a mayar asusun da ya turo, a rubuta dalili a wurin bayani. Idan dole ta sa ka ba shi a hannu, ya rubuta ya sa hannu cewa ya karɓa, da RRN ɗin cinikin a jiki. Ka kuma tambaye shi ko ya riga ya kai ƙorafi banki. Idan ya kai, ka bar wancan ya yi aikinsa.

Ina sayar wa mutanen ƙasashen waje. Nasu tsarin daban ne?

Daban ne, kuma masu fitar da riɗi da citta da zoɓo ko masu aikin intanet da ke karɓar dala ta kamfanonin tsakani su kula. A Amurka, kuɗin da aka ciro daga asusun mutum ta tsarin bankunansu na ACH yana iya nunawa kamar ya shigo sannan ya koma bayan kwana biyu saboda babu kuɗi a asusun, mai asusun kuma yana da kwana 60 ya ce bai ba da izini ba. A ƙasashen Turai masu tsarin biyan kuɗin yuro na SEPA, wanda aka ciri kuɗi kai tsaye daga asusunsa yana iya neman a mayar masa cikin mako 8 ba tare da ya kawo dalili ba, har wata 13 idan babu izini.

Turawa ta SWIFT, hanyar aika kuɗi tsakanin bankunan ƙasa da ƙasa, ba ta saurin komawa haka, amma kuskuren harafi a suna ko lambar asusu yana iya sa a mayar da ita, kuma bankunan da ta ratsa sukan yanki ladansu a tafiya da dawowa. Ka aika wa mai saye bayanan asusunka a rubuce daidai da yadda suke a banki. Idan kuɗi ya yi jinkiri, ka nemi takardar shaidar turawa da aka saba kira MT103 da lambar bin sawu ta UETR.

Cek fa?

Cek ba kuɗi ba ne sai ya wanke, wato bankin mai shi ya biya kuɗin ya shiga asusunka. Ba da cek alhali babu kuɗi a asusu laifi ne a dokar 1977, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu, amma bin wannan a kotu ba ya dawo da kaya da wuri. A jira ya wanke kafin a loda mota.

Na kai ƙorafi, bankin ya yi shiru. Sai ina?

Ƙorafin baki a kan kanta ba ya barin sawu. Ka rubuta shi, ko a takarda ko ta imel, ka sa lambar asusu, rana, adadi, RRN ko Session ID, da abin da kake so a yi. Ka nemi lambar ƙorafi, domin dole ne banki ya ba ka. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya, ko ka kai takardar reshensa na jiharku. Ka haɗa da lambar ƙorafin farko da kwafin duk abin da ka ba bankin, domin abin da za su fara tambaya ke nan. Kamfanonin POS da bankunan waya masu lasisin Babban Banki su ma wannan hanyar ta shafe su.